Dangwalin Baffa Lado

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Takur a Dutse 'yan shekarun baya ya san Baffa Lado, in bai san sunansa ba to ya san fitonsa. Dogon tsoho ne siriri mai malfa da sanda, kuma shi ne maigadin kangon da ke ƙarshen layi. Mai kangon yana Abuja. Ya kai gini linta, ya sa aka zube masa tifa biyu ta yashi da tarin bulo a filin gaba, daga nan ko kuɗi ne suka ƙare ko sha'awa, oho, shekara shida bai waiwayo ba. Aikin Baffa kawai ya tsare bulo, kuma ya tsare, ko ɗaya bai yi ƙafa ba. Yashin ne dai ya ga ta kansa, domin a kansa rabin yaran unguwarmu suka koyi gudu da tsalle.

Ni sunana Zaituna, ɗinki nake yi a gida. Mijina Abdulrauf ma'aikaci ne a sakatariya. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, Baffa kuma Bafulatani, saboda haka tun ranar da na fara ganin Baffa na san ina da izinin tsokanarsa, shi ma bai taɓa raga mini ba. In na zo wucewa sai in gaishe shi in ce, "Baffa, ina shanun?" Shi kuma ya nuna bulo da sanda ya ce, "Ga su nan kwance, 'yata, ba sa cin gonar kowa." Sai daga baya na gane tambayar tawa tana taɓa masa wani wuri mai ciwo.

A wata ruga gabas da Kiyawa aka haife shi. Yana shekara bakwai aka ba shi maruƙa, yana sha biyu aka sake masa garke. Ya yi shekara arba'in da wani abu yana bin shanu, da rani su gangara kudu har bakin Binuwai, da damina su dawo gida. Sai ciwon huhu ya shiga garken a shekara guda ya kwashe fiye da rabi, burtalin da suka saba bi kuma ya koma gonaki. Ya sayar da ragowar, ya aurar da 'yarsa, matarsa ta rasu, ya shigo Dutse da buta da tabarma da sanda, da wata tsohuwar igiya a naɗe a kafaɗa. Dangwali ne, irin doguwar igiyar nan mai 'yan hannuwa a jere da ake ɗaure maruƙa a jiki in za a yi tatsa. Na taɓa tambayarsa me zai yi da dangwali a cikin gari ba shi da saniya ko ɗaya. Ya ce shi ma bai sani ba, hannunsa ne ya ƙi barin sa.

Yadda wasan ya faro, shi da bakinsa ya ba ni labari. Yara suna satar jiki su hau yashin, masu gadin maƙwabta suna ce masa ya kore su. Shi kuwa sai ya zauna a kan bulo yana kallon su, kuma abin da ya gani ya dame shi. "Yaran gari ba su iya tafiya ba," in ji shi. "Ƙasa a shimfiɗe lafiya lau, yaro ya yi tuntuɓe da ƙafarsa. A ruga ɗan shekara uku yana bin maruƙa a kan kunyoyin gona, ba ya faɗuwa." Ya ari shebur ya baje tifa ɗaya ta rufe filin, ya bar ɗayar ta zama tudu. Ya jera bulo goma sha biyu da 'yar rata a tsakaninsu, ya roƙo tsofaffin tayoyi a wajen mai faci. Ranar Alhamis da Juma'a, da yake babu Islamiyya, da an idar da sallar la'asar sai ka ji fito sau biyu, sai ka ga yara suna ɓullowa daga kowace ƙofa.

Baffa ba ya raba yara da shekaru. In sabon yaro ya zo, sai ya sa a cire masa takalmi, ya ce ya tafi bakin katanga ya dawo, shi kuma ya tsuguna a baya yana kallon duga-dugansa da ƙugunsa, yadda ake duba dabba a kasuwar kara. Daga nan ya san inda zai sa shi. Da dangwalin ake buɗe wasa. Kowane yaro ya kama hannu ɗaya, masu ƙarfi a gaba da baya, masu rauni a tsakiya. Ya yi fito, ayari ya tashi. Su zagaye fili, su taka bulo ɗaya bayan ɗaya, su ratsa ta cikin tayoyi, su hau tudun yashi su gangaro. Na tsakiya ba ya iya tsayawa don na gaba yana ja, ba ya iya nawa don na baya yana tafe, kuma ba yadda za a yi a bar shi shi kaɗai. Bayan zagaye uku sai ya sake su. Manya su shiga langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle yana bangazar ɗan'uwansa, 'yan mata su zana 'yar gala-gala, ƙanana su tura taya. Doka ɗaya ce a filin, kuma manya ta shafa: in yaro ya faɗi, babba ba ya ɗaga shi. Ayari ya tsaya, yara su yi ta tafi har sai ya miƙe da kansa.

Wannan dokar ce ta sa da farko nake ganin tsohon ba shi da imani. Amma sai na faɗi nawa laifin kafin a gane dalili.

Talha shi ne ɗana na uku, kuma a lokacin shi kaɗai ne a raye. Na farko, Mujahid, wata takwas ya yi a duniya. Ta biyu, Ummi, ta fara tafiya tana wata goma, matan layi suna ta mamaki, duk wadda ta shigo sai ta ce, "Kai, wannan yarinya da sauri take!" A satin nan zazzaɓi ya kama ta, kwana biyu aka kai ta makwancinta. A zaman makoki na ji wata tsohuwa tana raɗa cewa baki ne, yarinya ta yi tafiyar wuri, an yi ta yabo ba tubarkalla. Na yi sakandare, na san sauro ne ya kawo zazzaɓin. Amma maganar ta shiga raina ta sami wuri ta zauna.

Da aka haifi Talha, surukata ta zo daga Kafin Hausa ta ce a yi masa irin na mutanen da, a kwantar da shi a juji a ɗauko, a riƙa kiran sa Ajuji, wai don mutuwa ta ɗauka ba a son sa. Na ce Allah ya kiyaye, wannan camfi ne. Na kori camfin surukata, sai na zauna na ƙirƙiro nawa. Na ƙudurta ba mahaluƙin da zai ga ɗana yana tafiya, balle ya yaba. Kowace uwa tana sauke goyo in ta yaye, ni na yaye na ci gaba da goyo. In za mu fita yana bayana. In baƙuwa ta yi sallama sai in sunkuce shi in ɗaure. In ina kan keken ɗinki, shi yana kan gado da wayata a hannu, na tare bakin gadon da matasai. Har ya shekara huɗu ƙafafunsa suna reto suna bugun bayan gwiwoyina, ina tafe ina haki, ina ce wa mutane ƙiwa ce da shi.

Yana shekara huɗu da wata huɗu Talha yana iya tafiya, amma da bin bango. Dokin ƙofar ɗakinmu sai ya dafa da hannu yake haye shi. Bai taɓa gudu ba, bai san yadda ake raba ƙafa biyu da ƙasa ba. Aka fara raɗe-raɗin shan inna a layi. Ranar da maganar ta kai kunnen Abdulrauf bai ci abinci ba, washegari ya ɗauke mu a babur sai asibiti. Likitar ta lanƙwasa ƙafafun ta miƙe, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya kasa. Ta ce ya yi tsalle, ya tsaya yana kallon ta. Ta tambaye ni yadda yake wuni, na faɗa mata rabin gaskiya, ta gane sauran da kanta. Ta ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya, naman ƙafar ne bai taɓa aiki ba.

"Ki sauke shi, Maman Talha," in ji ta. "Ya shiga cikin yara, ya yi gudu, ya faɗi ya tashi. Yanzu abin mai gyaruwa ne. Amma duk shekarar da ta wuce sai ya ƙara wuya, kuma tsoro zai zauna masa."

Na ce to. A ƙofar asibitin na durƙusa na goya shi, Abdulrauf ya dube ni ya kau da kai.

Kwana biyu bayan haka, ranar Alhamis, na fito sayen zare na bi ta gaban kangon. Ayarin yana kan tudun yashi ana ta ihu. Na ji Talha yana murɗawa a bayana yana leƙe. Baffa ya taso ya tare ni.

"'Yata, wannan bawan Allah ƙafarsa ciwo take?"

"Lafiyarta ƙalau, Baffa."

"To ke ce bayanki yake jin sanyi?"

"Ku dai Fulani ba kwa ganin abu mai ƙafa sai kun kora shi kiwo," na ce masa.

Ya yi dariya har malfarsa ta karkace. "Ara mini shi zagaye ɗaya. In an gama ki duba ƙafafun, in ba su cika biyu ba ki kai ƙarata wajen mai unguwa."

Ban ara ba, na wuce abina. Da na koma gida na ba Abdulrauf labarin da sunan abin dariya, amma bai yi dariyar ba. Ya ce, "Gobe Juma'a. Ko ki kai shi ko in kai shi." Tun da muka yi aure bai taɓa yi mini magana da irin wannan muryar ba, saboda haka washegari na kai shi, a goye.

Kafin in sauke shi na matsa kusa da Baffa na rage murya na ce, "Don Allah kada kowa ya yabe shi." Ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni dalili ba, mutumin da ya tashi a cikin mutanenmu ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Ya ce, "Yara ba sa yabo, 'yata, dariya suke yi. Ni kuma bakina ya saba da tubarkalla, da ita na yi kiwo shekara arba'in."

Aka cire wa Talha takalmi. Da tafin ƙafarsa ya taɓa yashi sai ya ƙwala ƙara, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya kamar kyanwar da ta taka ruwa. Yara suka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar in nutse. Baffa ya tsuguna a bayansa ya kalli taku biyar ɗin da ya yi, sannan ya miƙe ya ce, "Ƙafa ce mai kyau. Sabuwa ce fil, ba a taɓa morar ta ba." Ya sa shi a tsakiyar dangwali, a bayan Mashkura, 'yar maƙwabtanmu mai shekara shida wadda bakinta ba ya hutawa. Ya ce wa na gaba yau tafiyar tsohuwar saniya za a yi. Rabin zagaye Talha ya yi ya zauna daɓas. Ayari ya tsaya, aka hau tafi. Ina jin mamakin a ce shi ake yi wa tafi ne ya miƙar da shi.

Sati uku muka yi a haka. Ni ina tsaye a jikin katanga, na naɗe majanyi a hannu ina murɗawa. A sati na biyu ya kammala zagaye. A na uku ya taka bulo huɗu a jere, Mashkura tana gaba tana ba shi umarni kamar ita ta haife shi. Ya fara cin tuwo yana neman ƙari, ya fara haye dokin ƙofa ba dafawa. Na ga duk wannan da idona, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma a goye nake kai shi, a goye nake dawo da shi.

A sati na huɗu ƙafarsa ta zame a bulo na shida, ya faɗi da baki. Da ya ɗago na ga jini a haɓarsa. Ban san lokacin da na ratsa yaran ba, na ture biyu, na fizge shi daga igiyar. Baffa ya matso yana cewa leɓe ne kawai, a wanke da ruwa. Abin da na faɗa masa har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. A gaban yara ashirin na ce wa dattijon da ya haifi kamata, "Ɗana ba maraƙi ba ne. In kiwo kake marmari ka koma daji." Wannan ba tsokanar Barebari ba ce, kuma shi ma ya san ba ita ba ce. Ya sunkuya ya ɗauki takalman Talha ya miƙo mini, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Leɓen ya warke a kwana huɗu. Ni ce ban warke ba. Sati biyu ban bar shi ya leƙa waje ba, Abdulrauf ya yi faɗa ya gaji ya ƙyale ni. In fito ya tashi da la'asar, Talha sai ya je bakin get ya manna ido a ramin makulli. Ranar da na gan shi ya taso daga get ɗin yana bin bango kamar da, hannu ɗaya a jikin siminti, gabana ya faɗi. Na san ni nake yi masa wannan, kuma na kasa dainawa.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Abdulrauf ya fita, ya dawo ya ce in sa mayafi, Baffa Lado ne yake son magana da ni. Na same shi zaune a kan benci a ƙofar gida, ya kawo wa Talha dabino a ƙullin leda. Na durƙusa na gaishe shi, na fara neman gafara, ya ɗaga hannu ya ce wannan ya wuce tun a ranar.

"Mijinki ya gaya mini kin binne biyu," in ji shi. "Ni huɗu na binne. Ɗaya a hanya ma, ban san ko zan iya gane wurin ba yanzu. Don haka ba wa'azi na zo yi miki ba."

Ya juya sandarsa, sannan ya ci gaba.

"Ina da wata saniya da nake so fiye da sauran. Sau biyu tana haihuwa maraƙin yana mutuwa. Na uku da ya zo, na ce wannan kam ba zan yi sake ba. Ban ɗaure shi a dangwali da 'yan'uwansa ba, kada su taka shi. Da safe in an saki maruƙa suna guje-gujensu, shi yana gindin bukkata a inuwa, ina ba shi dusa da hannuna. Ya yi ƙiba, ya yi sheƙi, kowa ya gan shi sai ya tsaya. Da lokacin tashi ya yi muka kama hanyar kudu, kafin azahar ya durƙushe. Waɗanda aka haifa bayansa suna gaba suna tsalle. Na saɓa shi a wuya kwana biyu. A na uku muka iso ruwa, ba ya iya haurawa, ni ma ba na iya haurawa da shi. A bakin ruwan na yanka shi." Ya ɗago ya dube ni. "Mutane suka ce tafiya ce ta kashe shi. Ni na san wanda ya kashe shi."

Hawaye ya zubo mini. Na ce, "Baffa, tsoro nake ji."

"Na sani. Ba zan ce miki ba zai faɗi ba, zai faɗi, watakila ma ranar Alhamis ɗin nan. Ba zan kuma yi miki alkawarin rai ba. Wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a bayanki yake ba." Ya dogara sanda ya miƙe. "Ki zo ranar Alhamis. Amma ba tsayuwar katanga za ki yi ba, aiki zan ba ki. Za a yi tsallen igiya, ina neman mai riƙe mini ɗaya bakin."

A lokacin na ɗauka neman sulhu ne kawai, yana so ya nuna wa yara ba ya riƙe da ni. Ban san tsohon makiyayi ya riga ya karance ni tun daga baya, yadda yake karantar yaran, ya kuma san hannuwana ne matsalar ba.

Ranar Alhamis muka je. Mashkura ta rugo tana tambayar ina ya shiga, wai an ajiye masa wurinsa ba wanda ya taɓa. Bayan ayari ya gama zagaye, Baffa ya warware dangwalin ya miƙa mini baki ɗaya, ya ja ɗayan ya koma can gefe. Muka tsuguna, igiyar ta miƙe a tsakaninmu, taƙi ɗaya tsakaninta da yashi. Yara suka yi layi. Kowa zai rugo ya tsallake ya koma baya, in an gama zagaye a ɗan ɗaga. Kafin a fara Baffa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yau Maman Talha ce mai igiya. In ta saki, wasa ya tashi, kowa ya tafi gida."

Idanu arba'in suka juyo kaina. Wani ɗan ƙarami ya ce, "Don Allah Mama kada ki saki." Nan na gane tarkon da aka ɗana mini, na harari Baffa, shi kuwa ya hau gyaran malfarsa kamar bai gani ba.

Suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, yashi yana fallatso mini a fuska. Talha ne na tara. Ya taho, ba gudu sosai ba, wani abu ne tsakanin sauri da tangaɗi, hannuwa a buɗe. Ya iso igiyar, ƙafarsa ta harɗe, na ji nauyinsa ya fizgi hannuna, ya kifa da fuska a cikin yashi. Taku uku ne tsakanina da shi. Ya ɗago kai, yashi a gira, yashi a baki, bai nemi kowa ba sai ni. Leɓensa ya fara rawa. Duk jikina ya tashi zai tafi wajensa, gwiwata ɗaya ma ta bar ƙasa. Igiyar ce ta tsayar da ni, na ji ta a tafin hannuna tana ci na, a miƙe, domin can ɗaya bakin Baffa ya ƙara ja. Ba yaron yake kallo ba, ni yake kallo.

Yara suka hau tafi. Mashkura tana ihu, "Tashi mana, kai muke jira!" Na damƙe igiyar da hannu biyu, na cije leɓe, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Talha ya dube ni, ya dubi masu tafi, ya ga dai ba mai zuwa. Ya dafa ƙasa, ya turo ƙugu sama, ya miƙe. Ya tofar da yashi. Na zaci wajena zai taho, sai na ga ya juya ya koma ƙarshen layi.

Zagaye na biyu ma ya faɗi, wannan karon ko kallo na bai yi ba. Da aka zo na uku yara suka ce a ɗaga igiya, Baffa ya ce kafaɗarsa ta gaji, a bar ta a nan. Talha ya taho ya ƙanƙance ido. Ba tsallen a-zo-a-gani ba ne, ƙafa ɗaya ta riga ɗaya, ya sauka yana tangal-tangal. Amma na ga haske a ƙarƙashin ƙafafunsa biyu a lokaci guda, kuma igiyar ba ta motsa a hannuna ba. Baffa ya ce, "Tubarkalla, masha Allah," a hankali, sannan ya yi fito na gaba ya taho.

Sai da rana ta yi ja aka tashi. Na naɗe igiyar na kai masa, tafin hannuna ya yi jawur. Na buɗe baki zan yi godiya, ya riga ni. "Jikar Barebari ta iya riƙe dangwali ashe. Gobe ma ina nema." Na ce sai ya biya ni da nono, ya ce in jira bulo su haihu.

Na kira Talha, na juya masa baya na durƙusa kamar kullum, na warware majanyi na ce, "Zo hau." Bai hau ba. Da na waiwaya ya riga ya sa takalmansa, hagu a dama. Ya ce, "Ni da ƙafata zan je." Kafin in yi magana ya bi bayan Mashkura da sauran yaran, suka fita layi a guje.

Lokacin matan layinmu suna ƙofar gida, wasu suna kwashe shanya, wasu suna jiran masu tallan kayan miya. Duk suka tsaya. Na ji wata ta ce da ƙarfi, "Kai, jama'a, ku ga Talha yana gudu!" Sunansa ya zo bakina, in kira shi ya dawo in rufe shi. Ban kira ba. Ina nan durƙushe a tsakiyar hanya da majanyi a hannu, iska tana bugun bayana inda gumi ya saba taruwa, ina kuka ina dariya, har ya isa get ɗinmu ya juyo yana ɗaga mini hannu wai in yi sauri.